Auna Kitsen Jiki Lokacin Rage Ƙiba: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin masu fama da rage ƙiba a nan Kebbi: ma'aikatan ofis na Birnin Kebbi masu fita tattaki bayan Asuba, 'yan kasuwar Jega da likita ya ce musu suga ta fara hawa, da matan da suka gama jego suna son komawa cikin kayansu na da. Damuwar kusan ɗaya ce. An hau sikeli an ga lamba ta sauka ko ta ƙi sauka, amma ba a san ko kitse ne ya tafi ko wani abu dabam ba. An fara da masu sauƙi, masu ɗan lissafi suna gaba.

1. Me ake nufi da kason kitsen jiki?

Nauyin mutum haɗakar abubuwa ne: ƙashi, tsoka, jini, ruwa, kayan ciki, fata, sai kitse. Kason kitse shi ne rabon da kitse ya ci a cikin wannan nauyi, ana faɗinsa da kashi cikin ɗari. Mai kilo 90 da aka ce kitsensa kashi 30 ne yana ɗauke da kilo 27 na kitse, sauran kilo 63 kuma na tsoka da ƙashi da ruwa da sauransu ne.

Kitsen ma ba wuri ɗaya yake zama ba. Akwai na ƙarƙashin fata, wanda ake iya mintsinowa da yatsu a cinya ko damtse. Akwai na can cikin ciki, mai kewaye hanji da hanta, wanda ke turo tumbi ya yi tauri. Na biyun ne ya fi alaƙa da ciwon suga, hawan jini da ciwon zuciya, shi ya sa tambaya ta 5 ta fi kowace muhimmanci a wannan shafi.

2. Ina da sikeli a gida, ina hawa kullum. Bai wadatar ba?

Sikeli kamar mai auna buhun shinkafa shanshera ne: zai gaya maka nauyin buhu daidai, amma ba zai ce maka nawa ne ƙwaya nawa ne ƙaiƙayi ba.

A ɗauki mutum biyu, kowanne ya fara da kilo 90 da kitse kashi 30, kowanne ya sauka zuwa kilo 82. Na farko kitsensa ya koma kashi 24, wato kusan kilo 20, ya zubar da kitse kilo 7 da 'yan kai, tsokarsa tana nan kusan yadda take. Na biyu ya kashe kansa da yunwa, ba ya motsa jiki, kitsensa kashi 29 ne, kusan kilo 24. Kilo 3 kacal na kitse ya rabu da su, sauran kusan kilo 5 tsoka ce da ruwa. A idon sikeli su biyun ɗaya ne. A zahiri na biyun ya yi asara, domin ƙarfinsa ya ragu, jikinsa kuma zai riƙa ƙona abinci ƙasa da da, don haka ƙibar za ta fi saurin dawo masa.

3. Kashi nawa ne ya dace ga namiji, nawa ga mace?

Ma'aunin da masu horar da motsa jiki suka fi aiki da shi na wata ƙungiya ce ta Amurka mai suna ACE. Ga maza: 'yan wasa kashi 6 zuwa 13, masu motsa jiki a kai a kai 14 zuwa 17, matsakaici 18 zuwa 24, daga 25 zuwa sama ƙiba ce. Ga mata: 'yan wasa 14 zuwa 20, masu motsa jiki 21 zuwa 24, matsakaici 25 zuwa 31, daga 32 zuwa sama ƙiba ce. Akwai kuma kitsen da jiki ba ya rayuwa sai da shi, kashi 2 zuwa 5 ga namiji, 10 zuwa 13 ga mace.

Don haka kada mace ta gwada lambarta da ta maigidanta, halittarsu ta bambanta. Kuma kason yana ɗan hawa da shekaru, ba za a nemi dattijo mai shekara sittin ya yi lambar saurayi ɗan ƙwallo ba. Wannan ma'auni na manya ne, ba a aiki da shi ga yara.

4. A asibiti sun lissafa min BMI sun ce ina da ƙiba. Ba shi ne kason kitsen ba?

A'a. BMI lissafi ne na nauyi da tsawo kawai: a raba nauyi na kilo da tsawo na mita da aka ninka da kansa. Mai kilo 80 da tsawon mita 1.70 zai raba 80 da 2.89, ya samu 27.7. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa da 18.5 rama ce, 18.5 zuwa 24.9 daidai, 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima, 30 zuwa sama ƙiba. Asalin lissafin na wani masani ne ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, tun shekarun 1830, kuma don nazarin jama'a masu yawa ya yi shi.

Yana kuskure ta fuska biyu. Ɗan kokawa ko mai dako a kasuwa wanda jikinsa duk tsoka ce zai iya faɗawa layin masu ƙiba alhali ba shi da tumbi. Sannan ga wanda aka fi yawan gani a ofisoshi: siriri, hannuwa da ƙafafu ba nama, amma ciki ya turo riga. BMI ɗinsa 23 ne, an ce masa lafiya lau, kitsen ciki kuwa ya riga ya taru. Ba a yar da BMI, amma a haɗa shi da awon ƙugu.

5. Ba ni da wata na'ura. Tef ɗin tela zai yi?

Zai yi, kuma a ganina ya fi yawancin na'urorin da ake tallatawa amfani, tunda kitsen da ya fi haɗari shi yake nunawa. Sai dai a auna inda ya kamata. Tela yakan auna inda wando ko zani ke zama, mai tumbi kuwa ƙarƙashin tumbin yake ɗaura wando, shi ya sa Alhaji zai rantse maka ƙugunsa inci 36 ne shekara goma, alhali cikin ya haura 42.

Ga yadda ake yi. Da safe kafin karin kumallo, a tsaya a miƙe, a ɗage riga. A laluba haƙarƙarin ƙarshe da yatsa, a laluba saman ƙashin kwankwaso, a sa tef a tsakiyarsu, yawanci kusa da cibiya ko ɗan sama da ita. Tef ya kwanta a kan fata ba tare da ya nutse ba, ya daidaita gaba da baya, madubi ko wani na gida zai taimaka a nan. A fitar da numfashi kamar yadda aka saba, ban da shanye ciki, sannan a karanta. A maimaita sau biyu, in sun saɓa a ƙara na uku.

Ga namiji, haɗari yana fara ƙaruwa daga santimita 94, wato inci 37, ya yi yawa daga 102, inci 40. Ga mace daga santimita 80, inci 31 da rabi, ya yi yawa daga 88, kusan inci 35. Akwai ƙa'ida mafi sauƙi wadda NICE, hukumar da ke tsara shawarwarin kiwon lafiya a Ingila, ta shigar cikin shawarwarinta a 2022: kada ƙugu ya kai rabin tsawo. Wannan ko tef ba ya buƙata. A samo igiya a yanke ta daidai tsawon mutum daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, a ninke ta biyu, a zagaya ciki da ita. In bakunan sun haɗu da saura, madalla. In sun ƙi haɗuwa, tazarar da ke tsakaninsu ita ce aikin da ke gaba.

6. To daga awon tef za a iya fitar da kason kitsen?

Za a iya kimantawa. Hanya mafi sauƙi ita ce wadda wasu masu bincike biyu, Woolcott da Bergman, suka fitar a Amurka a 2018, ana ce mata RFM. A raba tsawo da ƙugu, duka da santimita ko duka da inci, a ninka sakamakon sau 20, sannan namiji ya ɗebe shi daga 64, mace daga 76. A wannan lissafi daidai saman ƙashin kwankwaso ake ɗora tef.

Misali, namiji mai tsawon santimita 172 da ƙugu 100: 172 a raba da 100 ya ba da 1.72, sau 20 ya zama 34.4, a ɗebe daga 64 saura 29.6. In ƙugun ya sauka zuwa 92, lissafin zai ba da 26.6. Mace mai tsawon 160 da ƙugu 90 za ta samu kusan 40. Akwai kuma hanyar sojojin ruwan Amurka, wadda ke ƙara awon wuya, ga mata har da kwankwaso. Lissafinta yana da wahala da hannu, amma manhajojin waya da yawa suna yinsa kyauta. Kowacce daga cikinsu tana iya kauce wa gaskiya da maki 3 ko 4, saboda haka a zaɓi ɗaya a tsaya a kanta.

7. Na sayi sikelin lantarki mai nuna kitse. Jiya ya ce 27, yau 30. Ya lalace ne?

Bai lalace ba, haka aikinsa yake. Irin waɗannan na'urori, su Omron da Tanita da masu araha da ake haɗawa da waya, ba sa ganin kitse. Suna tura ɗan lantarki mai rauni, wanda ba a ma jinsa, ta ƙarfen da ake takawa ko riƙewa. Tsoka cike take da ruwa, lantarki yana ratsa ta cikin sauƙi, kitse kuwa ruwansa kaɗan ne, yana tare shi. Daga nan na'urar ke haɗa sakamakon da shekaru, tsawo da jinsin da aka shigar mata ta yi hasashe. Kenan duk abin da ya taɓa ruwan jiki zai taɓa lambar: gumi, shan ruwa da yawa, cin abinci, motsa jiki, zawo, har fitsarin da bai fita ba.

A nan yankin akwai ƙarin matsala biyu. Zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, yana ƙafar da ruwan jiki, sai na'urar ta ƙara wa mutum kitsen da ba shi da shi. Da hunturu kuma tafin ƙafa yana bushewa, ga kaushi ga faso, lantarkin ba ya shiga da kyau, wani lokaci ma allon ya nuna kuskure ya ɗauke. A wanke ƙafa, a goge ta ta rage ɗan danshi, ban da shafa mai kafin hawa. A ajiye sikelin a kan daɓe ko tayil, ba a kan darduma ko tabarma ba.

Amfaninsa yana cikin bin sawu: in a wata uku lambobin safiya sun tashi daga wajen 30 sun koma wajen 27, akwai ci gaba. Lambar kwana ɗaya ba ta da wata ma'ana. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya kada ya hau shi sam, mai juna biyu ma ta bar shi.

8. Wace hanya ce ta fi kowace inganci?

Hoton DEXA, wanda ke raba ƙashi da tsoka da kitse sashe-sashe, shi aka fi dogara da shi. Yana da tsada, a manyan asibitoci ake samunsa, galibi ma don duba ƙarfin ƙashi. Mai son rage kilo goma ba ya buƙatarsa. Akwai kuma ɗan matsi mai kama da hantsaki da ake mintsino fata da shi a wurare uku, ga namiji ƙirji da ciki da cinya, ga mace bayan damtse da saman kwankwaso da cinya. A hannun gwani yana da kyau, amma sai in mutum ɗaya ne ke aunawa kowane lokaci, kuma ba ya ganin kitsen cikin ciki.

9. Makon farko na rage kilo 3, yanzu mako biyu ko gezau. Me ya faru?

Yawancin kilo ukun nan ruwa ne. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kowane giram ɗaya yana riƙe da kusan giram 3 na ruwa. Da an rage tuwon shinkafa, burodi da lemon kwalba, ajiyar ta ragu, ruwan ya bi fitsari. Kitse kuwa ba ya tafiya haka. Kilo ɗaya nasa yana ɗauke da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kusan 7,700, don haka wanda ke rage kalori 500 a rana, rabin kilo zai sa rai da shi a mako. Rabin kilo zuwa ɗaya a mako shi ne saurin da likitoci ke ganin ya dace.

Haka nan in an je biki an ci shinkafa da nama mai gishiri da magi, washegari sikeli ya ƙara kilo ɗaya da rabi, kada hankali ya tashi. Gishiri ne ya riƙe ruwa, ga abincin da bai gama wucewa ba, cikin kwana biyu ko uku zai sauka. In sikeli ya tsaya cak, a duba tef kamar yadda ya zo a tambaya ta 5. Sau da yawa ƙugu yana raguwa nauyi na nan, musamman ga wanda ya fara ɗaga abu mai nauyi.

10. Sau nawa ya kamata in auna?

Nauyi sau biyu ko uku a mako, da safe bayan an zaga, kafin a ci ko a sha, da kaya marasa nauyi, a kan sikeli ɗaya. A haɗa su a fitar da matsakaicin mako. Ƙugu sau ɗaya a mako biyu, kason kitse sau ɗaya a wata. A rubuta komai a littafi da kwanan wata, ƙwaƙwalwa tana son tuna lambar da ta fi daɗi ne kawai. Sikelin yaran da ke yawo da shi a tasha ko bakin kasuwa bai shiga lissafi ba, da rana ne, da takalmi da babbar riga, kuma na gobe ba shi ne na yau ba.

11. Da azumi fa, yaya ake yi?

Awon la'asar a watan Ramadan ba abin dogaro ba ne: nauyi zai yi ƙasa saboda ƙishirwa, sikelin lantarki kuma ya ɗaga kitse sama saboda dalilin da aka bayyana a tambaya ta 7. Abin da ya fi shi ne a auna kwana biyu kafin a ɗauki azumi, a sake aunawa mako guda bayan Sallah, a tsakani a wadatu da tef. Yawancin masu azumi kilo ɗaya ko biyu suke ragewa, kuma yakan dawo cikin 'yan makonni. Wasu ma ƙaruwa suke yi, tunda buɗa-baki da ƙosai da soyayyen dankali da kunu mai sukari yana iya cike gurbin duk abin da aka bari da rana. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allura ya fara ganin likitansa kafin ya haɗa azumi da rage abinci.

12. Ta yaya zan gane tsoka nake rasawa, kuma yaya zan hana?

Alamomin ba sa ɓuya. Nauyi yana zuba da sauri amma ƙugu bai motsa sosai ba. Damtse da cinya sun saki. Jarkar ruwan da ake ɗauka cikin sauƙi ta fara gagara, hawa bene yana sa haki, tashi daga zaman tahiya sai an dafa ƙasa. A kowane irin rage ƙiba ana ɗan rasa abin da ba kitse ba, ana kimanta shi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin da ya tafi, amma ana iya rage wannan asara.

Abu biyu ke tsare tsoka. Na farko abinci mai gina jiki, wajen giram 1.2 zuwa 1.6 na furotin ga kowane kilo na nauyin mutum a rana. Mu da Allah ya ba kifin Yauri da Argungu ba mu da uzuri: giram 100 na kifi yana ba da kusan giram 20, ƙwai ɗaya kusan 6, ga wake, awara, nono da ƙuli-ƙuli. Inda za a rage shi ne malmalar tuwo ta biyu, sukarin fura da shayi, lemon kwalba mai ɗauke da sukari kusan giram 50, da man girki, wanda babban cokali ɗaya nasa ya kai kalori 120. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin sai da izinin likita.

Na biyu aikin ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Tattaki kaɗai bai cike na biyun ba. Tsugunawa da tashi, ɗaga jarka mai ruwa, tura jiki daga ƙasa ko jikin bango, duk ana yinsu a tsakar gida.

13. Shayin rage tumbi da ɗamarar ciki suna rage kitse? Na ga canji a sikeli.

Canjin ruwa ne da bayan gida. Da yawa daga cikin waɗannan shayi suna ɗauke da ganyen da ke sa zawo, irin su filasko, ko abin da ke sa yawan fitsari. In an daɗe ana sha suna iya rikita gishirin jini su wahalar da hanji da ƙoda. Ɗamara kuwa matse ciki take yi ta sa gumi, da an kwance ta an sha ruwa komai ya koma. Kitse ba ta gumi yake fita ba. Idan jiki ya ƙona kilo 10 nasa, fiye da kilo 8 ta numfashi suke fita, sauran su zama ruwa. Kuma ba a zaɓar wa jiki inda zai fara ragewa, atisayen ciki yana ƙarfafa tsokar wurin ne kawai.

14. Hajiya ce ke tambaya: akwai abin da ya shafi mata musamman?

Akwai. Gab da al'ada jiki yana riƙe ruwa, nauyi zai iya ƙaruwa da kilo ɗaya ko biyu, don haka ki riƙa gwada awon wannan wata da na watan jiya a kwanaki iri ɗaya, misali kwana biyu bayan kin yi wanka. Mai jego ta bari a yi arba'in tukuna, mahaifa tana ɗaukar kusan mako shida kafin ta koma, awon ƙugu kafin nan ba ya nuna kitse. Mai shayarwa kada ta matsa wa kanta da yunwa. In kuma rage abinci ya kai ga al'ada ta ɗauke, an wuce gona da iri, a ga likita.

Sai batun ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasu ke sha gabanin aure. Yawanci akwai maganin dexamethasone a ciki, shi kuwa yana tara kitse a fuska da ciki da bayan wuya, yana cinye tsokar hannu da ƙafa, yana ɗaga suga da jini. Wadda ta daɗe tana sha za ta ga ƙugu ya yi yawa ko da nauyinta bai kai wani abu ba. Kada ta daina shi rana ɗaya, hakan na da haɗari. Ta tafi asibiti da kwalin maganin a hannu, a tsara mata yadda za ta riƙa ragewa a hankali.

15. Yaushe ne ya kamata in ajiye tef in nufi asibiti?

In nauyi yana zuba ba tare da an rage abinci ko an ƙara motsi ba, musamman in ya kai kashi 5 cikin ɗari na nauyin jiki a wata shida zuwa shekara. Haka in ramar ta zo da yawan ƙishirwa da fitsarin dare, ko tarin da ya wuce mako biyu da gumin dare, ko bugun zuciya da rawar hannu. Ciwon suga, tarin fuka da wani nau'in ciwon maƙoƙo duk suna iya ramar da mutum. Akasin haka ma abin dubawa ne: nauyin da ya ƙaru cikin 'yan kwanaki tare da kumburin ƙafa ko fuska yana iya zama ruwa ne daga matsalar zuciya, ƙoda ko hanta. A danna yatsa a kan ƙwauri na ɗan lokaci, in ya bar rami, kumburi ne.

Wanda ƙugunsa ya haura iyakar da aka faɗa a tambaya ta 5, ko da ba ya jin komai, ya je a gwada masa hawan jini da suga kafin ya fara wani shiri mai tsanani. Gwajin suga na safe ana yinsa ne bayan awa takwas ba a ci komai ba, don haka a fita ba tare da karyawa ba, a kuma tafi da littafin awon nan na tambaya ta 10 a nuna wa likita.